Sonic Generations, Sonic Mania ko Rayman Legends: wanne za ka kai gida a Maraɗi?

Duk wanda ya leƙa ɗakunan wasan PlayStation na Maraɗi, a unguwar Zariya ne ko Ali Ɗan Sofo ko kewayen babbar kasuwa, ya san ƙwallo ce ke mulki. Yara biyu riƙe da manet, goma tsaye bayansu kowa yana ba da umarni. Amma wanda ya sayi na'urar ya kai gida ba ya daɗewa yake gane cewa ƙwallo kaɗai ba ta riƙe gida. Ƙanana ba su iya ta ba, wanda aka ci sai fushi, kuma bayan sati biyu wasan jiya da na yau duk ɗaya ne. Daga nan ake fara cigiyar wasan gudu da tsalle, irin wanda waɗanda suka haura talatin suka taso da shi a zamanin kasat: ka nufi dama, ka tsallake rami, ka taka kan maƙiyi, ka kai ƙarshen mataki.

Uku ne nake ganin sun cancanci a tsaya a kansu, domin kowanne ya ɗauko tsohon salon nan ya gauraya shi da na zamani, sai dai ba hanya ɗaya suka bi ba. Sonic Generations, na kamfanin Sega, ya fito a 2011, kuma shi raba kansa ya yi gida biyu, rabi tsohon salo, rabi sabo. Sonic Mania na 2017 ya koma zanen dā gaba ɗaya, ya zuba sabbin dabaru a ciki. Rayman Legends, wanda reshen Ubisoft na Montpellier a Faransa ya fitar a 2013, ya riƙe kallon gefe irin na dā amma ya watsar da tsofaffin dokokin da ke sa yaro kuka. Wani zai ce ina Mario? Super Mario Odyssey na 2017 ma yana da wannan wasa da zamani: kana yawo a fili mai faɗi sai ka shiga bututu ka koma zanen 1985 a jikin bango. Wasa ne mai kyau ƙwarai, amma a na'urar Switch ta Nintendo kaɗai yake, mu kuwa a nan PS3 da PS4 na hannu da kwamfutar tafi-da-gidanka aka fi gani. Don haka na ajiye shi gefe.

Kafin maganar daɗi, na'urar da ke ɗakinka ta riga ta yanke rabin hukunci. Faifan PS3 ba ya aiki a PS4, komai rantsuwar mai sayarwa. Sonic Generations na asali yana PS3 da Xbox 360 da kwamfuta. Mai PS4 sai dai ya nemi sabon bugu na watan Oktoba 2024, Sonic X Shadow Generations, wanda aka gyara zanensa aka ƙara masa labarin Shadow, baƙar bushiya abokin hamayyar Sonic, kuma da yake sabo ne kuɗinsa ya fi. Sonic Mania bai taɓa fitowa a PS3 ba. Yana PS4 da Xbox One da Switch da kwamfuta. Rayman Legends ne kaɗai a cikin ukun da za ka samu da suna ɗaya a PS3 da PS4 da kwamfuta duka. Ke nan mai PS3 zaɓinsa tsakanin Generations ne da Rayman, mai tsohuwar kwamfuta marar ƙarfi kuma Mania ne ya fi kusa da shi.

Generations aka yi domin cikar Sonic shekara 20. Ya fara gudu a 1991 a na'urar Mega Drive ta Sega, da siffar bushiya shuɗiya mai jan takalmi. Labarin wasan ba abin a zo a gani ba ne: wani dodo mai cinye lokaci ya watsa abokan Sonic cikin zamunna daban-daban, sai Sonic na dā, gajere mai ɗan tumbi da ba ya magana, ya haɗu da Sonic na yanzu, dogo mai koren ido da yawan surutu. Wurare tara ne, kowanne an ɗauko shi daga wani wasa da ya gabata, tun daga Green Hill na 1991 da Chemical Plant na 1992 har zuwa Planet Wisp na 2010. Kowane wuri sau biyu za ka bi shi, sau ɗaya da kowane Sonic.

Bambancin su biyun shi ne zuciyar wasan, kuma kamar mai keke ne da ɗan kabu-kabu a kan titi ɗaya. Sonic na dā keke yake tuƙawa: daga gefe kake kallonsa, gudunsa sai ya nema, ya gangara tudu ya tara ƙarfi, ko ya dunƙule a wuri ɗaya ya yi ta juyi sannan ya harba kansa. In ka yi karo ka tsaya, sai ka sake tarawa daga farko. Sonic na yanzu kuwa murɗa hannu kawai yake yi. Kamara tana bayansa, hanya tana tahowa fuskarka, ka danna madannin murabba'i ya ba da wuta, duk abin da ke gabansa ya watse. In yana sama ka sake danna tsalle, shi da kansa zai auna maƙiyi mafi kusa ya faɗa masa. Akwai madannan kaucewa hagu da dama, akwai na shan kwana ba tare da rage gudu ba. Lokaci-lokaci kamarar tana juyawa ta koma kallon gefe, ta sake dawowa baya, duk cikin mataki ɗaya.

Inda wannan dabara ta fi fitowa fili shi ne City Escape, wanda aka ɗauko daga wasan 2001. Da Sonic na yanzu, kana sulalowa kan allo daga saman wani titi mai gangara, can sai ga wata ƙatuwar mota ta biyo ka tana tattake duk abin da ta tarar, kai kuma kana gudu kana fuskantar kamara. Da Sonic na dā, motar nan ce dai, amma daga bayan fage take ɓullowa tana rushe katakan da kake shirin takawa, ta yadda in ka yi nawa hanyar sama ta tafi, sai ka bi ta ƙasa. Gari ɗaya, mota ɗaya, tsoro iri biyu. Wanda ya taɓa nutsewa a ruwan Chemical Plant yana yaro, yana jin kiɗan nan mai ƙirga saura daƙiƙa nawa numfashi ya ƙare, zai tarar ruwan yana nan yana jiransa, an ƙara masa kyau kawai.

Aibinsa na farko gajarta. Manyan matakai 18 ne, wanda hannunsa ya saba zai ga ƙarshen labari tsakanin Asabar da Lahadi. An cike gurbin da ƙananan gwaje-gwaje 90, wasu masu daɗi, wasu kuma aikin gayya ne kawai, kuma dole ka yi kaɗan daga ciki kafin a ba ka makullan shiga wurin manyan dodanni. Planet Wisp ya yi tsawo har ya gundura, faɗan ƙarshe kuma rikitacce ne, kana buga shi ba ka tabbatar da abin da ake so ka yi ba. Tsofaffin ƴan Sega suna da nasu ƙorafin: Sonic na dā a nan bai da nauyin na Mega Drive sosai, gangara ba ta ba shi gudu yadda ta saba. Gaskiya ne, kuma za ka iya gwadawa da kanka, domin a bugun PS3 an ɓoye wasan 1991 cikakke, ana buɗe shi da makin da ka tara a shagon cikin wasan. A PS3 hoto 30 yake nunawa a daƙiƙa, a kwamfuta mai ƙarfi 60, kuma a irin wannan gudu ido yana ganin bambancin.

Amma duk wannan ƙanana ne a kan babban aibinsa a gidan Bahaushe: mutum ɗaya yake ɗauka. Manet ɗaya, sauran kallo. Kowa ya san yadda ake ƙarewa. "Yaya, ba ni in yi ɗaya mana." "Bari in mutu tukuna." To yayan ya ƙware, ba ya mutuwa, sai ƙanen ya tafi kai ƙara wurin Inna. Ga saurayi mai ɗakinsa shi kaɗai, ko magidancin da ke son ya huta bayan isha'i, wannan ba matsala ba ce, hasali ma a nan daɗin yake: ka koma mataki ɗaya sau da yawa, ka gano hanyar sama mai sauri da wuya, ka tattara jajayen zobba biyar da aka ɓoye a kowane mataki, ka kori makin S, wanda shi ne mafi girma. Ga gida mai yara shida kuwa, rigima ka sayo da kuɗinka.

Sonic Mania labarinsa daban ne. Masoyan wasan ne suka yi shi da izinin Sega, a ƙarƙashin Christian Whitehead, ɗan Ostareliya da ya fara da mayar da tsofaffin wasannin Sonic kan wayar hannu. An ce da tsohuwar zuma ake magani, su kuwa sun san zumar. Nauyin Sonic da yadda gangara ke tura shi, abin da Generations ya kusanta bai kai ba, a nan ya zauna daidai. Yankuna 12 ne, takwas tsofaffi da aka sake ginawa, huɗu sababbi, kowanne da mataki biyu. Yawanci na farko yana tuna maka abin da ka sani, na biyu ya juya shi. A Chemical Plant nasu, ruwan guban nan ana yi masa allura ya daskare ya zama abin da ke cilla ka sama, kuma dodon ƙarshen yankin ba faɗa za ku yi ba, wasan jera ƙwayoyi masu launi zai ƙalubalance ka da shi. An ƙara wa Sonic dabara ɗaya sabuwa: ka riƙe tsalle yana sama, yana taɓa ƙasa ya wuce a dunƙule. Abokan Sonic ma ana wasa da su: Tails yana tashi sama da wutsiyoyinsa biyu, Knuckles yana hawa bango.

Mutum na biyu yana iya ɗaukar Tails. Ba ya ƙarewa, in ya mutu ya dawo, wanda ya sa ya dace da ƙaramin ƙane, sai dai kamara Sonic take bi, don haka rabin lokaci Tails yana wajen allo yana neman hanya. Akwai kuma tsere inda ake raba allon tele, mutum biyu a bugun farko, har huɗu a Sonic Mania Plus na 2018, wanda shi ne ya fito a faifai ya kuma ƙara jarumai biyu da ake wasa da su, Mighty da Ray. Girman wasan a kwamfuta bai kai rabin giga ba, alhali Generations ya haura giga goma. Wanda ke sayen intanet da awo ya san abin da wannan ke nufi.

Abin da zai hana ka shi ido ne da haƙuri. Yaron da ya saba ganin fuskar ƴan ƙwallo kamar a tele, in ya ga zanen ɗigo-ɗigo zai ce, "Baba, wannan ai na dā ne," kuma ba lallai ya tsaya ya ɗanɗana ba. Sannan Mania ya riƙe tsohuwar doka: rayuka ƙidayayyu ne, in suka ƙare ka koma baya, kuma yankunan ƙarshe irin su Titanic Monarch dogaye ne masu ruɗarwa. Babba zai ji daɗin wannan tsanani. Ɗan shekara bakwai zai ajiye manet.

Rayman Legends shi ne wanda ban zaci zan fifita ba a magana da ta fara da Sonic, amma ga gida mai jama'a ban ga na biyunsa ba. Rayman, wanda Michel Ancel ya ƙirƙira a 1995, wani halitta ne marar wuya da damatsa, hannayensa da ƙafafunsa suna shawagi kusa da jiki. Kallon gefe ne tun farko har ƙarshe, zanen kuma kamar da hannu aka yi shi da fenti, yana tafiya sumul ko a PS3. Mutum huɗu suna shiga lokaci ɗaya a allo ɗaya, kowa yana iya shiga ko fita a tsakiyar mataki. Babu ƙidayar rai. In ka faɗa rami ko maƙiyi ya taɓa ka, sai ka kumbura ka yi ta shawagi, ɗan'uwanka ya mare ka ka dawo. Sai in duka kun mutu ne za a mayar da ku baya, kuma bayan ba nisa. Wannan doka ɗaya ta sauya zaman ɗaki gaba ɗaya: babba yana jan tafiya, ƙarami yana mutuwa sau goma ana dawo da shi, kowa yana dariya. Marin ma yana aiki a kan wanda bai mutu ba, don haka ka shirya jin "wallahi da gangan ya ture ni."

Yawansa ma ya fi na sauran nesa. Matakai sun haura 120, a ciki har da 40 da aka ɗauko daga Rayman Origins na 2011 aka sabunta, kuma akwai ƙananan halittu 700 da ake ceto, da yawansu a ɓoyayyun ɗakuna. Hutun ƙarshen shekara na lakwal zai iya ƙarewa ba a gama shi ba. Kowace duniya tana rufewa da matakin kiɗa, inda tsalle da naushi suke faɗawa daidai kan bugun ganga, wanda in ka kuskure kunnenka ne zai fara gaya maka kafin ido. Sannan ga Kung Foot, ƴar ƙwallon raga biyu da ake bugawa da naushi da ƙafa, minti kaɗan kowane zagaye. A fada, tsakanin shayi na ɗaya da na biyu, wannan kaɗai yana iya cinye dare.

Ba shi da gudun Sonic, wannan a faɗe shi. Wanda ke neman jirin nan na ganin gari yana wucewa kamar walƙiya ba zai same shi a nan ba, sai a matakan da wuta ko bango ke korarka. Akwai kuma matakan Murfy, wani koren ƙwaro mai yanke igiya da matsar da dandamali. An tsara su ne domin allon taɓawa na na'urar Wii U ta Nintendo, a PlayStation sai aka mayar da shi madanni guda, ka danna ya yi aikinsa. Yana tafiya, amma kana jin ba don wannan manet aka yi shi ba.

Iyaye sukan tambayi abin da ke ciki, kuma hakkinsu ne. Babu jini a ko ɗaya daga ukun. Sonic mutum-mutumin ƙarfe yake fasawa, a Mania ma tsuntsaye da ƙananan dabbobi ke fitowa daga ciki su gudu. Rayman yana da dodanni na barkwanci, da duniya guda da aka gina kan bikin matattu na ƙasar Meziko, cike da ƙwarangwal masu kaɗa jita, da wata kan tatsuniyoyin Girka. Kiɗa kuwa duka ukun suna da shi, a Rayman ma wasu matakan ba sa yiwuwa sosai in an kashe sauti. Maigidan da wannan ya dame shi gara ya sani tun kafin ya biya. Ɓangaren Shadow a sabon bugun Generations ya fi sauran duhu da fuskar tsoro, ba na ƙananan yara ba ne sosai. Ta fuskar harshe, Generations da Rayman duka suna da Faransanci, Mania kuwa kusan babu magana a cikinsa sam.

Sai kuran. Wutar Maraɗi kaso mai yawa daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina, abin da kowa ya ji a jikinsa lokacin da aka yanke ta a watan Agusta 2023, kuma ko a zaman lafiya watannin zafi ba su da tabbas. A nan gajerun matakai suna da daraja. Generations da Rayman suna ajiye ci gabanka da kansu bayan kowane mataki, yawanci ƴan mintoci ne, don haka in wuta ta tafi abin da ka rasa kaɗan ne. Haka in an kira salla ko lokacin makarantar allo ya yi, "bari in ƙarasa wannan" yawanci ba ya wuce minti biyar, sai dai in yaron ya yi maka wayo ya shiga na gaba. Mania a kwamfutar tafi-da-gidanka ya fi su duka kwanciyar hankali, tunda batir yana riƙe shi kuma ba ya sa injin ya yi zafi. Mai shirin sayen PS3 domin waɗannan wasanni ya nemi sirara, ta 2009 ko ta 2012. Ƙatuwar ta farko tana shan wuta da yawa, kuma zafin Afrilu da ƙurar hunturu ba sa yi mata da daɗi. Sirarar ta fi sauƙi a kan sola ko ƙaramin janareta.

Manet ma yana da bakin magana. Na jabu sun cika kasuwa, kuma abin da ke fara lalacewa a jikinsu ƴar sandar juyawa ce da madannan sama. Sonic na yanzu a Generations da su yake rayuwa: sanda ta karkace kaɗan, ka faɗa rami a cikin gudu ba laifinka ba. Mania da madannan kibiya da madannin tsalle guda ya wadatu, kusan kowane tsohon manet zai yi. Rayman yana tsakiya, amma shi kuma yawa yake so. Daɗinsa da manet ɗaya rabi ne, don haka kuɗin manet na biyu, in da hali na uku, ka lissafa shi cikin kuɗin wasan tun farko.

In ni aka tambaya, ga yadda zan raba. Magidanci mai PS3 ko PS4 da yara fiye da biyu ya ɗauki Rayman Legends da ƙarin manet, ya bar Sonic sai wani lokaci. Wanda ya yi Sega yana yaro, yake son ya ga abin da Sonic ya zama ba tare da ya rabu da wanda ya sani ba, kuma shi kaɗai zai riƙa bugawa, Generations ne nasa. In PS4 gare shi kuma aljihu ya yarda, sabon bugun ya fi tsawo saboda ɓangaren Shadow, wanda ya rage matsalar gajartar. Ɗalibi mai tsohuwar kwamfuta, ko wanda ya ga Sonic na dā a Generations bai gamsar da shi ba, ya nemi Mania. Mai ɗakin wasa na haya kuwa, Generations ba zai kawo masa ciniki ba tunda kujera ɗaya yake cikawa, amma Kung Foot da tseren Mania Plus suna zaunar da mutum huɗu a gaban tele ɗaya.

Faifan PS3 da na PS4 ba su da shingen yanki, wanda aka kawo daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa da wanda ya zo daga Faransa duk za su yi aiki, sai dai harshen da ke ciki yana iya bambanta, don haka mai son Faransanci ya duba bayan kwali. In na hannu ne, kada ka tsaya a ganin hoton farko ya fito. Ka sa mai shagon ya shiga mataki guda ku buga shi har ƙarshe, ya fita ya shiga wani, domin faifai mai ƙarce yakan buɗe lafiya ya maƙale a wurin loda mataki na gaba.